Yadda Ake Auna Binciken Masani da Wayar Hannu: Darasi Daga Ayyukan Dakta Mahmoud Bukar Maina

Duk wanda ke cikin guruf-guruf na WhatsApp a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa ya saba ganin irin wannan hoto: mutum cikin farar rigar ɗakin gwaji, a ƙasa an rubuta cewa ya shiga sahun manyan masana kimiyya na duniya. Sau da yawa gaskiya ce, abin alfahari ne kuma. Wani lokaci kuwa wani saƙon na biye da shi, na tallar maganin mantuwa ko na shanyewar ɓarin jiki, haɗe da lambar asusun banki. Matashin da ke Mabai, wanda kakansa ya fara manta sunayen jikokinsa, shi ne mai waya a gidan, don haka shi za a tambaya ko a tura kuɗin. Haka ɗalibar da ta gama digiri a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, tana neman malamin da zai duba ta a digiri na biyu: idan ta zaɓi wanda sunansa ya fi aikinsa girma, shekara biyu ko uku na rayuwarta ne za su tafi.

Akwai hanyar dubawa, kyauta ce, kuma ba ta buƙatar kwamfuta. Abin da take buƙata shi ne mutum ya san abin da lambobin ke nufi, ya kuma san inda suke yin ƙarya.

Menene ambato?

Idan masani ya wallafa maƙala a mujallar kimiyya, a ƙarshenta yana jera ayyukan wasu da ya dogara da su. Duk maƙalar da ta shiga wannan jerin ta samu ambato ɗaya. Tun 1955 wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ya kawo shawarar a riƙa tattara waɗannan jerin a wuri guda, domin a iya bin sawun wa ya ambaci wa, kuma a 1964 kundinsa na farko ya fito a takarda. Yau manhajoji ke wannan aiki. Scopus da Web of Science na kuɗi ne, jami'o'i ke biya. Google Scholar, wanda aka buɗe a Nuwamba 2004, kyauta ne. PubMed na ɗakin karatun likitanci na gwamnatin Amurka shi ma kyauta ne, kuma a fannin lafiya ya fi tsafta.

Masanin da za a yi darasin da shi

Dakta Mahmoud Bukar Maina ɗan jihar Yobe ne. Ya karanta ilimin sassan jikin ɗan Adam a Jami'ar Maiduguri, sannan ya yi digirin digirgir a Jami'ar Sussex da ke Ingila, ƙarƙashin Farfesa Louise Serpell. Fanninsa shi ne nazarin ƙwaƙwalwa a matakin ƙananan sinadarai, wato furotin da DNA da ke cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, musamman abin da ke faruwa da su a cutar mantuwa ta Alzheimer. An zaɓe shi ne saboda ɗan Arewa ne mai suna irin na gida, manyan maƙalunsa a buɗe suke ga kowa ba tare da biyan ko kobo ba, kuma shi kansa ya yi bincike a kan ƙididdigar ambato.

Google Scholar ba shi da manhaja ta kansa a Play Store. Waɗanda ake gani da sunansa na wasu mutane ne, cike suke da talla. A burauza ake buɗe shi, a adireshin scholar.google.com. Sai a rubuta cikakken sunan masanin. Idan yana da shafi, zai fito a sama da hotonsa da sunan wurin aikinsa.

Abin da ya kamata ido ya fara sauka a kai ba lamba ba ce. Ƙarƙashin sunan akwai layin da ke cewa "Verified email at", sannan ƙarshen adireshin imel na wata jami'a ko cibiya. Wannan na nuna mai shafin ya tabbatar da shi da imel ɗin wurin aikinsa. Amfaninsa ya tsaya nan. Shafin Google Scholar mai shi ne ke sarrafa shi, kamar shafin Facebook. Yana iya ƙara maƙala, yana iya gogewa, kuma idan ya bar manhajar tana ƙara masa da kanta, takan kwaso ayyukan wasu masu irin sunansa ta zuba masa.

Wannan matsalar ta fi cin Hausawa da maƙwabtansu. A ƙirga masu wallafa da sunan M. Abubakar ko A. Ibrahim daga Zariya zuwa Sakkwato kaɗai. Shafin da ya haɗa maƙalar takin zamani, da ta tiyatar ido, da ta harajin ƙananan hukumomi, ba na gwani ɗaya ba ne, na mutum uku ne da manhaja ta cakuɗa. Akwai kuma akasin haka, inda mutum ɗaya ke rabuwa gida biyu. A PubMed, wanda ya rubuta Maina MB[au] zai ga maƙalun Dakta Maina da yawa, amma wata da ya wallafa a 2016 a mujallar Biomolecules an shigar da ita da sunan Bukar Maina M, domin mujallar ta ɗauki sunan tsakiya a matsayin wani ɓangare na sunan ƙarshe. Wanda bai gwada rubutun biyu ba zai tsallake ta. Don maganin wannan ruɗani aka buɗe ORCID a 2012: lamba ce mai gurbi 16 da kowane mai bincike ke samu kyauta, kamar NIN amma ta masana. Duk ɗalibin da ke shirin wallafa maƙalarsa ta farko, gara ya yanke yadda zai riƙa rubuta sunansa tun yau, ya kuma buɗe ORCID.

Lambobi uku

A waya, sai a taɓa "Cited by" a shafin masanin. Tebur zai fito da layi uku da ginshiƙi biyu. Ginshiƙin farko na duk rayuwar aikinsa ne, na biyu na shekaru biyar na baya-bayan nan. Lambobin suna motsi kusan kullum, shi ya sa duk adadin da aka gani a hoton WhatsApp ya kamata a sake duba shi a shafin. Idan ginshiƙi na biyu ya kusa kamo na farko, masanin yana kan ganiyarsa. Idan ya yi ƙasa sosai, yawancin tasirinsa tsoho ne. Ga mai neman malamin da zai duba shi, ginshiƙi na biyu ya fi amfani nesa ba kusa ba.

Layin farko jimillar ambato ne. Na uku, i10-index, adadin maƙalun da suka samu ambato goma ko fiye. Na tsakiya, h-index, shi ne aka fi yin tinƙaho da shi, kuma shi ne aka fi rashin fahimta. Jorge Hirsch, masanin fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, ya ƙirƙiro shi a 2005. Ana jera maƙalun mutum daga wadda ta fi ambato zuwa ƙasa, sai a sauko ana ƙirgawa har a kai inda lambar layin ta fi adadin ambaton.

Misali na ƙirƙira: malama tana da maƙala bakwai, ambatonsu 40, 22, 9, 6, 4, 2, 0. Ta farko tana da aƙalla ɗaya, ta biyu aƙalla biyu, ta uku aƙalla uku, ta huɗu tana da shida, wanda ya haura huɗu. Ta biyar tana da huɗu kacal, bai kai biyar ba. A nan aka tsaya, h-index ɗinta 4. Jimillarta 83. Wani malamin kuma yana da maƙala uku: 300, 2, 1. Jimillarsa 303, ya ninka ta kusan sau huɗu, amma h-index ɗinsa 2. Wane ne ya fi? Lambar ba za ta faɗa ba. Wataƙila maƙalarsa guda ɗin nan ta sauya fanni gaba ɗaya, wataƙila kuma shi ne na arba'in a cikin marubuta sittin.

Mai son ya gwada da hannunsa zai iya buɗe Google Sheets a waya, ya zuba lambobin bakwai daga A1 zuwa A7, daga babba zuwa ƙarami, sannan a wani gurbi ya rubuta:

=SUMPRODUCT(--(A1:A7>=ROW(A1:A7)))

Amsar za ta fito 4. Abin da umarnin ke yi kawai shi ne kwatanta kowace lamba da lambar layinta, ya ƙirga inda ta kai ko ta wuce. Dole jerin ya fara daga layi na ɗaya, in ba haka ba lissafin zai karkace.

Wani abin lura: h-index ba ya sauka da tsufa. Farfesan da ya ajiye bincike shekara goma da suka wuce zai ci gaba da riƙe lambarsa, har ma ta ƙaru. Kwatanta shi da wanda ya gama digirin digirgir bara rashin adalci ne.

A buɗe maƙalun kansu

A nan ne yawancin mutane ke gajiya, kuma a nan ne aikin yake. A ɗauki maƙalu biyu na Dakta Maina a kan furotin da ake kira tau.

Ta 2016 ɗin da aka ambata a sama maƙalar bita ce. Shi da abokan aikinsa sun tattara abin da aka riga aka gano game da tau a cikin cibiyar ƙwayar halitta, suka tsara shi. Irin wannan maƙala takan tara ambato da sauri, domin duk mai fara rubutu a fannin yana son wuri guda da zai nuna. Tana da amfani, amma ba sabon gwaji ba ce.

Ta 2018, a mujallar Acta Neuropathologica Communications, ita ce gwajin ɗakin bincike. An daɗe da sanin tau a matsayin furotin da ke tallafe siraran bututun da ke cikin dogon hannun ƙwayar ƙwaƙwalwa, kuma a cutar Alzheimer yakan lalace ya cukurkuɗe ya zama ƙulle-ƙulle. Maƙalar ta duba wani wuri daban: wani ɗan dunƙule a cikin cibiyar ƙwayar, inda ake fara haɗa injinan da ke ƙera furotin. Sun nuna tau yana zama a can, yana da hannu a yadda ake karanta DNA na wannan sashe, kuma yakan sauya wuri idan ƙwayar ta shiga matsi. A jerin marubutan, Maina ne na farko, Serpell ce ta ƙarshe. A al'adar kimiyyar halittu wannan na da ma'ana: na farko shi ya yi mafi yawan aikin hannu, na ƙarshe shi ne shugaban ɗakin binciken. Don haka idan ana duba matashin masani, a ƙirga inda ya zo na farko. Idan babba ne, a ƙirga inda ya zo na ƙarshe. Wanda kullum a tsakiya yake, ambato dubu ba ya nuna shi ke jan ragama.

Abin da maƙalar ba ta ce ba shi ma darasi ne. Ba ta ce an samu magani ba. Bayani ne a kan yadda furotin guda ke aiki a cikin ƙwayoyin halitta, tubali ɗaya a ginin da mutane dubbai ke yi. Haka binciken gaskiya a wannan fanni yake kama: ƙunci gare shi, da taka-tsantsan. Duk tallar da ta ce wani farfesa ya gano maganin da ke warkar da mantuwar tsufa gaba ɗaya, a nemi sunan maƙalar da mujallar. In babu, kuɗin ya fi amfani a motar kai dattijon asibiti, domin wasu abubuwan da ke kawo mantuwa, irin su ƙarancin sinadarin B12 ko matsalar thyroid da ke maƙoshi, likita na iya gano su ya yi maganinsu.

Kyanwar da ta zama masaniya

A 2024 wasu masu bin diddigin maguɗi a kimiyya, Reese Richardson da Nick Wise, suka ga ana tallar sayar da ambato a Facebook. Sai suka gwada dabarar da kansu a kan wata kyanwa mai suna Larry. Suka sa manhaja ta ƙirƙiro maƙalun lissafi na shirme guda 12 da sunan kyanwar, da wasu 12 da ke ambaton su, suka ɗora a ResearchGate. Google Scholar ya kwashe. Kyanwa ta wayi gari da ambato 132 da h-index 11, kafin Google ya goge bayan labarin ya bazu. Dalilin da ya sa abin ya yiwu shi ne Google Scholar yana ƙirga kusan duk takardar da ta yi kama da maƙala a intanet, ba tare da wani edita ya tantance ba. Shi ya sa lambarsa kusan kullum ta fi ta Scopus.

Hanyar kama irin wannan ba ta da wuya. A taɓa adadin ambaton da ke gefen maƙala, jerin waɗanda suka ambace ta zai buɗe. A leƙa shafi biyu ko uku. Idan sunaye daga ƙasashe da cibiyoyi daban-daban ne, a mujallun da PubMed ya san su, alama ce mai kyau. Idan mai maƙalar ne da abokansa uku ke ta ambaton juna, an gane. Ambaton kai ba laifi ba ne, wanda ya shekara goma a kan furotin ɗaya dole ya koma kan aikinsa na baya. Yawansa ne abin dubawa.

Labarin da ya fi na kyanwa nauyi ya faru a fannin Alzheimer ɗin kansa. A 2006 mujallar Nature ta wallafa maƙalar Sylvain Lesné da abokan aikinsa na Jami'ar Minnesota, wadda ta ce sun gano wani nau'in furotin amiloid da ke lalata tunanin ɓeraye. An ambace ta fiye da sau 2,000. A 2022 mujallar Science ta fito da rahoton cewa wani likitan ƙwaƙwalwa, Matthew Schrag, ya ga alamun an taɓa hotunan gwajin. A Yuni 2024 aka janye maƙalar, duk da cewa Lesné bai amince da janyewar ba. Shekara goma sha takwas tana tara ambato. Wannan bai rushe binciken amiloid gaba ɗaya ba, kamar yadda wasu suka yi ta yaɗawa, domin akwai hujjoji da dama da ba su dogara da ita ba. Amma ya nuna ambato yana auna yawan waɗanda suka kula da aiki ne, ba ingancinsa ba. Janyewa ba ta goge ambaton da aka riga aka tara. PubMed kuwa yana liƙa gargaɗi ƙarara a saman duk maƙalar da aka janye, kuma shafukan Retraction Watch da PubPeer suna karɓar suna ko taken maƙala su nuna ko an taɓa ɗaga yatsa a kanta. Minti biyu ne aikin.

Da wa ake kwatanta shi?

Maƙalar da ta fi kowace ambato a tarihi, bisa ƙididdigar da Nature ta fitar a 2014, ta Oliver Lowry ce ta 1951, a kan hanyar auna yawan furotin, da ambato sama da 300,000. Ba wata cuta ta warkar ba, kayan aiki ce da kowa ke ɗauka. Fannoni ma sun bambanta: masu nazarin halittu suna ambaton juna fiye da masu lissafi, ballantana masu nazarin adabin Hausa, waɗanda yawancin ayyukansu ba su ma shiga waɗannan rumbunan ba. Ga maƙalun da ke PubMed akwai shafin iCite na cibiyar NIH ta Amurka, kyauta, wanda ke ba kowace maƙala maki bayan ya kwatanta ta da takwarorinta na fanni ɗaya. Maki 1.0 na nufin tana daidai da tsaka-tsakin maƙalun da NIH ta ɗauki nauyi.

Wurin da mutum yake aiki ma yana shiga lissafi, kuma a nan aikin Dakta Maina na 2021 a mujallar Nature Communications ya zo. Shi da tawagarsa sun tattara maƙalun nazarin ƙwaƙwalwa 12,326 da ke PubMed masu alaƙa da cibiyoyin Afirka, daga 1996 zuwa 2017, suka tantance su. Guda 5,219 ne kawai suka nuna ƙarara cewa a Afirka aka yi aikin kuma masu bincike mazauna Afirka ne suka jagorance shi, wato wajen maƙala biyar ga kowace ƙasa a shekara. Masar ce kan gaba, sai Afirka ta Kudu, sai Najeriya, sannan Maroko da Tunisiya. Darasin ga mai waya biyu ne. Ganin sunan jami'ar Najeriya a kan maƙala ba ya nufin a Najeriya aka yi gwajin, sai an karanta sashen da ke bayanin yadda aka gudanar da aikin. Sannan malamin da ya fitar da maƙala uku masu kyau daga ɗakin gwajin da ake tada janareta kafin a kunna firji, bai kamata a ɗora shi a sikeli ɗaya da na Landan ba tare da an tuna da wannan ba.

Sai batun jerin "kashi 2 cikin ɗari" da ake yawan taya murna a kansa. Jerin na gaske ne. John Ioannidis na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka fara fitar da shi a 2019, da bayanan Scopus, kuma ana ɗora sabon zubi a rumbun bayanai na kamfanin Elsevier. Amma lissafi ne na manhaja, ba lambar yabo ba ce da jami'ar ta zauna ta bayar. Kuma tebur biyu ne: na duk rayuwar aiki, da na shekara guda. Masu haɗa hoton taya murna ba kasafai suke faɗin wanne ba ne. Fayil ɗin yana da nauyi, ya fi dacewa a sauke shi inda akwai Wi-Fi.

Akwai kuma aikin da babu rumbun da ke ƙirga shi. A 2021 aka buɗe cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, wadda Dakta Maina ya assasa, inda ɗalibai da malaman Najeriya ke samun horo a kan na'urorin duba ƙwayoyin halitta da a da sai an fita ƙasar waje. Ɗalibin da ya fara riƙe irin wannan na'ura a can ba zai bayyana a h-index na kowa ba. Ga mai neman malami, tambayar ina ɗalibansa na baya suke yanzu ta kan ba da amsar da tebur ba zai bayar ba.

Game da data: shafukan Google Scholar da PubMed kusan rubutu ne zalla, suna buɗewa ko sabis ya yi rauni. Mazauna wannan yanki, da suka ga yadda aka katse layukan waya a Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da wasu ƙananan hukumomin Katsina a Satumba 2021, ba sa buƙatar a tuna musu amfanin adana abu a waya. Idan alamar PDF ta bayyana a gefen maƙala, a sauke ta nan take. In ba ta bayyana ba, a taɓa "All versions", sau da yawa akwai kwafin kyauta a rumbun wata jami'a ko a PubMed Central. In duk ya faskara, kusan kowace maƙala tana ɗauke da imel ɗin marubucin da aka ware don amsa saƙo. Layi uku sun isa: sunan mai rubutu da makarantarsa, taken maƙalar, da roƙon a turo kwafi.